Igwa, Bam da Lugude: Tsokaci a Kan Kalmomin Yaƙi a Hausar Jarida

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen bayyana harbin manyan bindigogi da jefa bam daga jirgin sama. Manufarta ita ce nuna wata cakuɗar ma'ana da ta zama ruwan dare a Hausar jarida da rediyo.

2.0 Asalin Kalmomin

Kalmomin aro na makaman wuta sun shigo Hausa a zango biyu. Na farko na Larabci ne: *bindiga* daga *bunduƙiyya*, *albarushi* daga *al-barud*, *harsashi* kuma daga *ar-rasas*, wato dalma, ƙarfen da ake yin harsashin da shi. Babbar bindiga kuwa, irin wadda sojan Ingila suka fasa ƙofar ganuwar Kano da ita a 1903, sunanta *igwa*.

Zango na biyu na Ingilishi ne. *Atilare* tushenta tsohon Faransanci, inda take nufin kayan yaƙi baki ɗaya, kafin ma'anarta ta taƙaita ga igwa da danginta. *Bam* kuma ta biyo ta Italiyanci da Faransanci daga kalmar Girkanci *bombos*, mai kwaikwayon rugugi. Wannan ne ya sa ta zauna daram a bakin Bahaushe tamkar amsa-kama, har ta sami jam'i, *bama-bamai*, bisa tsarin *kwas*, *kwasa-kwasai*.

3.0 Lugude da Ruwa

Inda Hausa ta nuna ƙwarewarta shi ne wajen bayyana aikin makaman. Lugude shi ne mata biyu ko uku su haɗu a kan turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka. Don haka *luguden wuta* ya dace da atilare ƙwarai: igwa da yawa, wuri ɗaya, duka bi da bi ba hutu. Abin lura, Turawa ma daga sunan turmi suka raɗa wa gajeriyar igwar nan mai cilla harsashi sama suna, wato *mota* a lafazin Ingilishi.

Jefa bam daga jirgin sama baƙon abu ne, domin sai a 1911 wani matuƙin jirgin Italiya ya fara yin sa a kusa da Tarabulus ta Libiya. Shi ma Hausa ta samar masa siffarsa, *ruwan bama-bamai*, abin da ke zubowa daga sama bai zaɓi rufin kowa ba.

Sai dai masu fassarar labarai sukan gwamutsa su, su kira kowane hari *luguden wuta* ko *barin wuta*. Illar ba ƙarama ba ce. Jirgin yaƙi galibi a hannun gwamnati yake, ƙaramar igwa kuwa kowane ɓangare na iya mallakarta. Idan aka ce "an yi wa ƙauye luguden wuta" alhali jirgi ne ya kai harin, an ɓoye wa mai sauraro alamar da zai gane mai alhakin jinin da aka zubar.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ga masu tsara ƙamus da ɗakunan labarai ita ce a keɓe *luguden wuta* ga atilare, *ruwan bama-bamai* ga jiragen sama. Bambancin yana nan cikin harshen tun asali, kiyaye shi kawai ya rage.