Wasa Ma da Lokacinsa: Shekarar Manomi da Wasanninta a Kagarawal

Tun daga 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka yanke Jihar Gombe daga Bauchi, garin Gombe yake ta cin gonakin da ke kewaye da shi. Kagarawal na cikin unguwannin bakin gari da wannan bunƙasa ta cika da gidaje, musamman bayan kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, lokacin da gine-gine suka yi ta miƙewa ta wajen Malam Inna. Duk da haka noma bai bar wurin gaba ɗaya ba. Da damina za ka ga masara da kuɓewa a fulotin da mai shi bai samu halin ginawa ba, katangar bulo a dama, wata a hagu, kuma magidanta da yawa suna da gona a wajen gari. A irin wannan wuri ne mutum zai fi gane abin da ke faruwa da wasannin gargajiya, domin ƙauye bai gama tafiya ba, birni kuma bai gama zama ba.

Abin da nake son nunawa shi ne, wasanninmu na dā ba su taɓa zama a sake ba. Kowanne yana ɗaure da wani yanki na shekara, da aikin da ake yi a lokacin, da abin da ke cikin rumbu, da kayan da gona ta bari a ƙasa. Wanda ya jera su a takarda, langa, gaɗa, dara, dambe, tatsuniya, kamar duk a rana ɗaya ake yin su, ya rasa rabin ma'anarsu.

Manomi yana raba shekara zuwa bazara, damina, kaka da rani, hunturu kuma yana shigowa a farkon rani. Malamai masu hisabi suna da lissafi mafi ƙanƙanta: taurari 28, kowanne da kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla 365. Tsofaffin manoma kan tambayi malam ko an shiga Nasara ko Ɗarfa kafin su yanke shawara a kan wani aikin gona. Wannan lissafi rana yake bi, ba wata ba, kuma shi ne yake mulkin wasannin ƙauye kusan duka.

Bazara ba ta da wasa mai yawa. Zafi ya yi tsanani, rijiya ta ja baya, ana sharar gona, ana kai taki, ana baibaye ɗaki kafin hadari. Damina kuwa, wadda a ƙasar Gombe take kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ba ta barin kowa ya huta. Daga shuka sai noman farko, sai maimai, sai huɗa, wanda ya wuni a duƙe da fartanya kuma ba ya neman dandali da dare. Ga yunwar tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gida ya koma kan tafasa da rama da zogale. Idan marka ta sauka a Agusta, dandalin kansa taɓo yake zama. Nishaɗin wannan lokaci a cikin aiki yake: gayya, inda samari ke haɗuwa su nome gonar wani, makaɗi yana zuga su da gangar noma, kowa yana son a ce shi ya fara kai kunya bakin gona. Yara ƙanana ne kaɗai ke da rabo na daban, domin ruwa ya ba su laka. Da ita suke gina shanu masu tozo da dawaki da 'yan tukwane, su shanya a rana, gobe ruwa ya narkar, su sake ginawa.

Da kaka komai yake buɗewa. Tun daga tumu da gasasshiyar masara yara suke sanin wuya ta wuce. A yanke gero, a ɗaure dammuna, a cire gyaɗa, a rore wake, a ƙarshe a karya dawa a cika rumbu. Yanzu akwai abinci, akwai kuɗi a aljihu, ƙasa ta bushe, sama ta washe, farin wata yana fitowa babu gajimare. Sai duk waɗannan sun haɗu ake samun kokawa da dambe da kalankuwa. Ba don son ganin ƙarfi kawai aka ajiye su a kaka ba. Ɗan kokawa baƙo yana bukatar masauki da tuwo, makaɗi yana bukatar kari, mai nasara yana bukatar kyauta, kuma babu garin da zai iya ɗaukar wannan nauyi a watan Agusta. Dambe, wanda asalinsa sana'ar mahauta ce ta riƙe shi, yana bin wannan hanya: rundawa suna yawo gari gari lokacin da manomi yake da abin sayen nama, su yanka da rana, su ɗaure hannu da yamma. Fulani ma, waɗanda su ne suka kafa masarautar Gombe ƙarƙashin Buba Yero a 1804, sukan yi sharo a irin wannan lokaci da lokutan sallah, sa'ad da shanu suka ƙoshi, suka sauko cin karmami da harawa a gonakin da aka girbe. Samari suna dukan juna da bulala a gaban 'yan mata, amma a bayan fage manomi da makiyayi suna ƙulla cinikin taki da abinci.

Akwai wata kyautar kaka da ba a cika kulawa da ita ba, wato kara. Bayan an yi zana da danni da abin hura wuta, ragowar ta yara ce. Da ɓawon karan dawa da ɓargonsa yaro yake ƙera mota mai ƙafa huɗu, da tabarau, da keji, da abin busa. Babu wanda yake zaunar da shi ya koya masa. Yana kallon wansa, ya yanke yatsa sau ɗaya ko biyu, ya iya. A ganina wannan ita ce makarantar fasaha ta farko da yaron ƙauye yake shiga, kuma tana buɗewa ne na 'yan watanni kaɗai a shekara. Gonar da aka girbe ita ma fili take zama. A nan ake langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle, ana ture juna, 'yan ƙungiya suna kare wanda suke kira ruwa har ya kai gida. 'Yan mata kuwa dandali ne nasu, su yi da'ira, su yi gaɗa da tafi, ɗaya ta faɗa baya sauran su tare ta. A waƙoƙin gaɗa ne yarinya take faɗin abin da ba za ta iya faɗi a gaban iyayenta ba game da aure da kishiya da saurayin da ba ta so.

Sai hunturu ya kore mutane daga waje zuwa ɗaki, a nan kuma tatsuniya take samun sarauta. Ina ganin ba za a fahimci tatsuniya ba sai an haɗa ta da kaɗi. Ƙasar Gombe ƙasar auduga ce, har aka kafa injin gurzar auduga a garin a shekarun 1950, amma tun kafin injin mata suke gurza tasu a kan dutse, su shiɓe ta, su zauna da mazari da alli a gaban fitilar a-ci-bal-bal. Kaɗi aiki ne da yake cin hannu ya bar baki, yana kuma jawo gyangyaɗi. Tsohuwa tana bukatar abin da zai hana ta barci, jikoki suna bukatar ɗumin ɗakinta, sai Gizo da Ƙoƙi da Botorami suka shiga tsakani. Tsawon tatsuniya, da maimaita waƙa a cikinta, da yadda yara ke amsawa, duk sun dace da mutumin da hannunsa ke aiki dare yana tafiya. Ko camfin da ake yi wa yara, cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, tsari ne na kare lokacin aiki: rana ta ɗiban ruwa da kiwo da talla ce. Da zanen kanti ya kashe kaɗi, tatsuniya ta rasa wurin zamanta tun kafin talabijin ya shigo. Masu ɗora laifin duka a kan waya da finafinai sun makara da shekaru masu yawa.

Rani na maza ne da aikin hannu: yaɓe, tufkar igiya, saƙar tabarma, farauta, ga masu tafiya ci-rani. Waɗanda suka zauna gida su ne 'yan dara. Gurabe 30 a ƙasa, shida shida a layi biyar, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Wasa ne na lissafi da haƙuri, yana kuma bukatar abin da rani ne kaɗai ke bayarwa, wato wuni guda a inuwa ba tare da gona tana kira ba.

To, me ya rage a unguwa irin Kagarawal? Idan aka duba da kyau, wasannin ba su mutu tare ba, kuma wanda ya rayu yana da dalili.

Tashe yana nan da ransa, domin shi tun asali ba ya bin lissafin gona. Wata yake bi, yana farawa idan azumi ya kai kwana goma. Shekarar wata tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka tashe yana zagaya yanayi duka cikin shekara 33 ko kusa da haka. Azumin 2010 a tsakiyar marka ya faɗo, na 2025 kuma a watan Maris, cikin zafi. Wasan da ya saba da wannan yawo bai damu ba ko akwai rumbu ko babu. Abin da yake nema shi ne gidaje kusa da juna da mutanen da ba su yi barci ba, birni kuwa ya fi ƙauye wadatar waɗannan. Dara ma ta rayu, domin taku biyu na ƙasa a gindin bishiya ko bakin tasha sun ishe ta, sai dai ta bar hannun manomi mai hutun rani ta koma hannun duk wanda ya samu sarari.

Dambe da kokawa sun rayu ta wata hanya: sun rabu da kaka. Yau akwai gidan dambe mai katanga da kuɗin shiga, ana karawa tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada a kowane wata na shekara, ana ɗauka da waya ana watsawa duniya. A Nijar gwamnati ce ta rungumi kokawa, tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa. A Nijeriya ma an shigar da dambe da kokawa da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa. Ban raina wannan ba, domin ya ba matasa sana'a da suna. Amma abin ya sauya hali. A dā gari ne yake karɓar baƙi da abin da ya noma, ɗan wasa kuma yana kare sunan garinsu a gaban surukansa. Yanzu ɗan kallo yana biya ne ya shiga, kamar yadda yake biya a gidan kallon ƙwallo.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne wasannin yara da 'yan mata, kuma su ne suka fi damuna. Gaɗa da langa ba sa kawo kuɗin shiga, ba su da mai ɗaukar nauyi. Fili kawai suke so da izinin fita da dare, duka biyun kuma sun yi wuya. Fili ya zama fuloti. Wanda bai zama fuloti ba, zaizayar ƙasa ta ci, kamar kwarin da ya taso daga wajen jami'a ya ratsa Malam Inna zuwa Kagarawal, har sai da aka yi masa babban aikin gyara. Daren kuma an raba shi tsakanin makarantar dare da aikin gida na boko, kuma babu uban da ya ga zamanin 'yan daban Kalare ko hare-haren 2014 da 2015 a Gombe da za a zarga don ya ce 'yarsa ta zauna a gida bayan isha'i. Karan dawa ma, a birni saye ake yi, ba a barin yaro ya ɓata shi.

An yi ƙoƙarin adanawa a takarda tun da daɗewa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, mafi yawa daga rubuce-rubucen da aka tara a Sakkwato. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, ɗalibai da yawa kuma daga nan suka san labaran da kakanninsu ba su samu ba su ba. Aiki ne mai daraja, sai dai yana da iyaka biyu. Ta farko, littafi yana riƙe kalmomin tatsuniya da dokokin wasa, amma ba ya riƙe lokacin. Yaron da ya karanta gaɗa a aji da ƙarfe goma na safe, ko ya yi ta a ranar al'adu cikin kayan aro, bai san cewa abin murna ne na ƙarshen wahalar damina ba. Ta biyu, yawancin abin da aka tattara daga ƙasar Sakkwato da Kano da Katsina da Zazzau yake. Gombe kuwa mahaɗa ce ta Fulani da Tera da Bolewa da Tangale da Waja da Barebari da Hausawa, kuma a unguwa kamar Kagarawal, inda mutane suka taru daga ƙauyuka dabam dabam, tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu suna nan da rai, kowace da tatsuniyar garinsu da harshenta. Sashen da ke koyar da harsuna a jami'ar da ke maƙwabtaka da su ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa kafin ya kai gare su. In za a je, a tambaye su har da watan da ake yin kowane wasa, da abin da aka girbe kafin a fara shi, da wanda yake ba da izinin fita, domin waɗannan ne littattafan farko suka fi bari a baya.