Dokin zinare na Boston

Ɗana ne ya fara nuna min shi a waya: wani ɗan akwati mai launin zinare, maɓalli uku, da zanen rabi mutum rabi doki a jiki. Ya ce, "Baba, wannan ita ce fedar gita da ta fi kowace." Na duba farashi, dala dubbai, na tsohuwa ma. Na ce to, bari in saurara tukuna.

Sunanta Klon Centaur. Wani Ba'amurke, Bill Finnegan, ya riƙa haɗa ta da hannunsa a Boston tun 1994, kimanin guda 8,000 cikin shekara goma sha biyar. Maganar gaskiya, aikin ya yi kyau. Yawancin irin waɗannan fedoji, da ka taka sai su murƙushe muryar gita ta koma kamar kukan injin niƙa. Ita kuwa raba sautin take yi, ta bar wani kaso garau, ta gurza wani da diyod na jamaniyam, sannan ta sake haɗa su. Shi ya sa kaushin ke fitowa amma kana jin kowace tsirkiya daban. Na yarda da wannan, kunnena ya shaida.

Kuɗin ne ban yarda da shi ba. Finnegan ya malala baƙin danƙo a kan kayan ciki don kada a kwaikwaya, amma masu naci suka kankare, suka zana taswirar, yau ga kwafi birjik a kasuwa. Shi da kansa ya fitar da KTR mai sauƙin kuɗi, har ya rubuta a jikinta cewa wannan zuzutawar ba shi ya ƙirƙire ta ba. A 2023 Josh Scott na kamfanin JHS ya jera Centaur da wata feda mai araha, DigiTech Bad Monkey, da kyar ake bambance su. Me ya biyo baya? Farashin Klon bai faɗi ba, na Bad Monkey ne ya tashi sama cikin kwanaki kaɗan. Ashe da yawa labari suke saya, kunne yana gefe.

Mun sayi kwafi na ƙasa da dala ɗari. Maƙwabcinmu na bene ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu.