Dodannin Titin Maple da Uzurin Rashin Kuɗi

Duk lokacin da aka tambayi masu shirya fina-finan da ake kallo daga Kano har Zangon Wagadugu dalilin da ya sa ba sa kusantar ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ginawa a kan na'urori ko wasu duniyoyi ko zamanin da bai zo ba, amsar ɗaya ce, wai babu kuɗin ƙera jirgin sararin samaniya, babu kuma gwanayen dabarun kwamfuta. Wannan uzuri ya tsufa, kuma ya fi ban haushi idan aka ji shi a Wagadugu, birnin da ke karɓar bikin fina-finan Afirka na FESPACO tun 1969, shekarar da Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Kilba sararin samaniya da alƙalami kawai.

Hujjar da ke rushe uzurin tana cikin wani tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna The Twilight Zone, a kashin da Rod Serling ya rubuta, The Monsters Are Due on Maple Street, wanda tashar CBS ta nuna ranar 4 ga Maris 1960, ba launi, cikin ƙasa da rabin awa. Wani abu mai haske ya gifta saman unguwa, nan take lantarki ya ɗauke, wayoyi suka mutu, motoci suka ƙi tashi, sai wani yaro mai suna Tommy ya ce ya karanta cewa baƙi daga wata duniya sukan turo 'yan leƙen asiri masu kama da mutane kafin su iso. Daga nan ba a buƙaci komai ba sai fuskokin maƙwabta. Wanda motarsa ta tashi da kanta ya zama abin tuhuma, aka tuna cewa yakan fito da dare yana kallon sama, alhali rashin barci ne ke damunsa, wanda ke haɗa rediyo a ɗakin ƙasa ya biyo bayansa, kuma kafin dare ya raba an harbe Pete Van Horn, mutumin da ya tafi duba ko titin gaba yana da wuta, don kawai ya dawo cikin duhu. Serling ya rubuta wannan ne bayan shekarun da Sanata Joseph McCarthy ya cika Amurka da zargin kwaminisanci, lokacin da zato kaɗai yake raba mutum da aikinsa. Kayan aikin labarin duka su ne titi ɗaya, 'yan wasa kaɗan, da ƙwan fitila mai kunnuwa yana mutuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin aljihun mai shirya fim a Kano.

Abin dariya shi ne, wurin da shirin ya fi rauni shi ne daidai wurin da masu uzuri suke kwaɗayi. A mintocin ƙarshe an nuna baƙi biyu a kan tudu suna wasa da na'urar da ke kashe wuta, suna yi wa mai kallo bayanin abin da ya riga ya gane, sannan suka shiga jirgin da aka aro daga fim ɗin Forbidden Planet na 1956, sai kuma Serling ya ɗora nasa wa'azin a kai. Jirgin bai ƙara wa labarin tsoro ba, ya ma rage shi, domin ya ba maƙwabta wanda za su jingina wa laifi. Matan titin kuma an bar su da tsegumi da ihu, haukan ma ya hau mutanen da gaggawar da ta fi kama da matsin lokacin tasha fiye da halin ɗan Adam.

Mazaunin Kossodo, unguwar masana'antu ta Wagadugu da ke da tashar samar da lantarki, zai ƙara nasa ƙorafin, domin a wannan yanki ɗauke wuta a tsakiyar bazara ba ya sa kowa neman bindiga, tabarma ake fitarwa ƙofar gida a ci gaba da hira. Gyaran wannan aikin marubuci ne, kuma ba ya cin ko dala: a sauya lantarki da layin waya, a ce duk wayoyin Zango sun mutu rana ɗaya sai ta mutum guda, baƙo ɗan haya wanda ba a san asalinsa ba, sannan a bar jita-jita ta bi majalisa da bakin masallaci da wurin mai shayi.

Gaskiya ne cewa CBS tana da ɗakunan ɗaukar hoto da ƙwararrun ma'aikata waɗanda Kannywood ba ta da irinsu, kuma mai zuba jari yana tsoron labarin da 'yan kallo ba su saba da shi ba. Sai dai masana'antar da ke iya hayar katafaren gida da jerin motoci domin labarin kishiya na kashi hamsin ba ta da bakin cewa titi ɗaya da daren duhu sun yi mata tsada.