Abin da ke ƙarƙashin kwalta



Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kumasi zuwa Tamale, ko daga Ngaoundere zuwa Garwa, ya san yadda hanya kan fito sumul ranar buɗe ta, amma kafin damina uku ta koma ramuka. Nan da nan sai ka ji ana cewa ai an ci kuɗin kwalta. To amma fa a mafi yawan hanyoyinmu kwaltar 'yar fata ce kawai, kaurinta bai wuce 'yan santimita ba. Mai ɗaukar nauyin tirela shi ne shimfiɗar tsakuwa ko dakakken dutse da ke ƙarƙashi, wadda ake daɓewa da rola kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki.

A nan ne nake da ja da ƙa'idojin da aka daɗe ana bi. Yawancinsu sun samo asali ne daga wani gagarumin gwaji da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda sojoji suka yi ta zagaya hanyoyin gwaji da manyan motoci har suka farfashe. Aiki ne mai kyau, ba shakka. Sai dai an yi shi kan ƙasa iri ɗaya, a yankin da ruwa ke daskarewa cikin ƙasa da hunturu. Ina ruwan Garwa da ƙanƙara?

Abin da ya biyo baya shi ne sau da yawa marmara, wadda ke shimfiɗe ko'ina a yammacin Afirka, takan faɗi jarrabawa a ɗakin gwaji: a ce yumɓunta ya yi yawa, ko kuma bayan an jiƙa ta kwana 4 ba ta kai kashi 80 cikin 100 a ma'aunin CBR ba. Daga nan sai a koma jigilar dutse daga nesa da tsadar gaske, kuɗin da zai yi kilomita da yawa ya ƙare a 'yan kaɗan. Alhali kuwa a Botswana da Brazil an ga hanyoyin marmarar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba sun yi shekaru lafiya, muddin ruwa bai kwanta a gefensu ba.

Kada dai ɗan kwangila ya ji wannan ya ce na ba shi izinin kwaso jar ƙasa daga kowane rami. Marmara iri-iri ce, kuma wadda ba a daɓe sosai ba, ko aka bar ta babu magudanar ruwa, taɓo za ta zama.

Wani darasi na gwajin Illinois kam ya shafe mu kai tsaye: idan aka ninka nauyin da ke kan aksul ɗaya sau 2, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade tan 11.5 tun 2005. Mai sauraro, in ka ga tirelar albasa daga Galmi ta nufi Accra, lodi ya haura kan direba, ka lissafa da kanka abin da ke faruwa da tsakuwar da ke ƙasanta.