Jinjina Ga Jagororin Tafiyar Antaktika

Yara da yawa sun fara ganin Antaktika ne a gindin taswirar duniya, suka ƙudura a ransu wata rana sai sun taka ta. Masu cika musu wannan buri, sau da yawa bayan furfura ta fito, su ne matuƙan jiragen ruwa da jagororin da ke tashi daga Ushuwaya, can ƙarshen kudancin Ajantina.

Lars-Eric Lindblad na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya: a 1966 ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido nahiyar.

Aikin ba na rago ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙanƙarar teku ke sassautawa, jirgi yakan yi kusan kwana biyu yana ratsa mashigin Drake, inda igiyar ruwa ke kwantar da ƙarfafan maza. Da an isa, jagora zai loda baƙi a ƙaramin kwalekwalen roba mai suna Zodiac, ya bi tsakanin tsaunukan ƙanƙara har gaɓa, idonsa na kan iska da sararin sama, don yanayi kan juya nan take.

Jagororin ne kuma masu gadin wurin. Dokokin IAATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido na Antaktika wadda aka kafa a 1991, sun hana mutum fiye da 100 sauka wuri ɗaya a lokaci guda, kuma kowane baƙi 20 suna da jagora. Su ke tabbatar da an wanke takalma kafin sauka, su kuma tsayar da mai zumuɗin ɗaukar hoto tazarar mita 5 daga tsuntsayen fengwin.