Baftisma a Gaɓar Kwara: Kyauta Ce ko Ladan Aiki?

Ƙasar Yauri ƙasar Musulunci ce mai tsohuwar sarauta. Shangawa, waɗanda ƙaramar hukumar Shanga ta ci sunansu, yawancinsu sun musulunta, da yawa ma sun saki harshensu sun koma Hausa. Duk da haka, wanda ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Yelwa da Wara, ko ya nausa gabas wajen Kambari da Dukawa, ranar Lahadi da hantsi zai ji ganga da waƙoƙin Hausa suna tashi daga 'yan majami'u masu rufin kwano. Kiristocin wannan yanki 'yan tsiraru ne, amma sun gaji wata gardama da ta girmi masarautar kanta: me ruwan baftisma yake yi wa mutum, kuma wanda aka ce an 'yanta shi daga zunubi, don me gobe ake sake kama shi da laifi?

Tushen koyarwar yana cikin wasiƙar da Manzo Bulus ya aika wa Romawa wajen shekara ta 57. A ganinsa, ɗan Adam bawa ne a hannun zunubi tun daga faɗuwar Adamu, kuma bawa ba ya fansar kansa da aljihunsa. Allah ne ya biya fansar ta wurin mutuwar Yesu Almasihu, kyauta, ba don wani aikin kirki da mutum ya gabatar ba. Wannan kyautar ita Kirista ke kira alheri. A nan aka rabu da Musulmi, wanda ya yi imani cewa kowane jariri ana haifarsa a kan fiɗira, ba ya ɗauke da laifin kowa. Bulus ya hango tambayar da mai wayo zai yi: in gafara kyauta ce, me zai hana a ci gaba da sheƙe aya? Amsar da ya bayar a sura ta shida ita ce baftisma. Wanda aka nutsar a ruwa an binne shi ne tare da Almasihu, wanda ya fito sabon mutum ne, tsohon ubangidansa ba shi da sauran iko a kansa. Sai kuma a sura ta bakwai ya kawo kukan mutumin da yake son yin nagarta amma hannunsa na kai wa ga mugunta. Tsakanin waɗannan surori biyu malaman Kirista suka shafe ƙarnuka suna kai da komo.

Bishara ta shigo wannan yanki ta ƙofa biyu, kuma kowace ƙofa da irin karatun da ta yi wa surorin. Ta farko ita ce mishan ɗin da wani ɗan Kanada, A. W. Banfield, ya kafa a Tsonga ta ƙasar Nupe a 1905, wadda daga baya aka sani da UMS. Daga ƙasar Nupe ta yi ta haurowa arewa, ta kafa tasha a Salka cikin Kambari, da Zuru, da Tungan Magajiya inda ta buɗe asibiti, da Yelwa. Ikilisiyar da ta haifa ita ce UMCA mai hedikwata a Ilori. Iyayen wannan mishan jikokin Anabaftis ne, mutanen da suka ɓalle a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1525 suna cewa baftismar jariri ba baftisma ba ce, tunda jariri bai tuba ba, bai kuma ba da gaskiya ba. Ba da arha suka riƙe wannan ra'ayi ba. A 1527 hukumar birnin ta ɗaure ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, ta jefa shi cikin kogin Limmat. Kan wannan gado kuma suka ɗora koyarwar John Wesley na Ingila a kan tsarkakewa, wato cewa bayan tuba akwai aikin alheri na biyu da ke wanke zuciya har ƙaunar Allah ta mallake ta gaba ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta Katolika ce. Limaman ɗariƙar Dominikan daga Shikago ta Amurka ne aka damƙa wa yankin Sakkwato a farkon shekarun 1950, ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964, kuma Yelwa na cikin wuraren da suka zauna. Yau Katolikan ƙasar Yauri suna ƙarƙashin Kontagora, wadda aka yanka a 1995 ta zama cikakkiyar dayosis a 2020. Su kuwa karatunsu ya biyo ta hannun Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda ya yi fito-na-fito da Pelajiyus mai cewa mutum na iya guje wa zunubi da ƙoƙarin kansa. Majalisar Kartaj ta 418 ta ba Agustin gaskiya, Majalisar Tirent ta ƙara jaddadawa a 1546 cewa baftisma tana kankare zunubin gado ɗungurungum, abin da ke saura shi ne karkatar zuciya zuwa ga sha'awa, wadda za a yi ta kokawa da ita har kabari.

Bambancin a ido ake ganinsa. A ikilisiyoyin da ke nutsarwa, ranar baftisma ranar fita ce. Jama'a kan jero daga majami'a zuwa bakin ruwa, matan Zumunta a gaba da waƙa. Wani dattijo zai fara shiga da sanda yana taɓa ƙasa, don gaɓar Kwara ba ta da amana: nan yashi ne, taku biyu gaba laka ce mai kama ƙafa ko rami. In ya sami inda ruwa ya kai ƙugu, sai fasto ya bi shi. Ana kiran mutum da suna, ya shiga, a tambaye shi a gaban kowa ko ya karɓi Yesu ya zama Mai Cetonsa, ya amsa da bakinsa. Fasto ya dafa bayansa, ya ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi har ruwa ya rufe fuska, ya ɗago shi. Mata na jira a gaɓa da zane. Masunta da ke gyaran koma da masu lodin albasa a kwalekwale duk suna kallo, kuma kafin la'asar labari ya kai kasuwa.

A cocin Katolika kuwa jariri ne a hannun uwar baftisma, Fada ya zuba masa ruwa sau uku a ka, ya shafa masa mai, a kunna kyandir, a sa masa farin ƙyalle. Babba da ya zo daga baya sai ya zauna a gaban katikis yana koyo, wani lokaci shekaru, galibi a yi masa a daren Ista. Masu nutsarwa kan ce wannan yayyafi ne kawai. Sai dai zubawar ba sabon abu ba ne, domin Didake, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan ikilisiya, ya halatta ta inda babu isasshen ruwa. Hujjar Katolika mafi ƙarfi ma ba ta tarihi ba ce. Jaririn da bai san komai ba, bai yi komai ba, shi ne shaida mafi bayyana cewa alheri kyauta ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke faruwa kafin a kai bakin ruwa. Akwai ajin baftisma, akwai kuma zama a gaban dattawa. Tambayoyin dattawa sukan taɓa bangaskiya kaɗan, sannan su zauna daram a kan hali. Baba, ka bar burkutu? Ka daina zuwa wurin tsafin Magiro? Ina layun da ke ɗakinka? Matanka nawa? Duk wanda ya san ƙasar Kambari da Dukawa ya san burkutu ba abin maye kawai ba ne. Da shi ake gayya, da shi ake biki da makoki, sana'ar mata da yawa ce, kuma wanda ya ƙi karɓar ƙwarya kamar ya ƙi zumunci ne. Saboda haka mutum na iya shekaru yana zuwa sujada, yana waƙa, yana ba da baiko, ana ce masa bai shirya ba. Koyarwa ta ce ka zo da dauɗarka a wanke ka. Abin da talaka ya fahimta daga al'adar ikilisiya shi ne ka je ka wanku tukuna, sannan ka zo a ba ka shaida. Baftisma ta koma kamar takardar kammala makaranta, alhali a wurin Bulus ita ce ranar shiga aji.

Ban ga dattawan a matsayin masu taurin kai kawai ba. Suna da dalili, kuma dalilin na cikin tarihin wurin. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutum fiye da 40,000, ciki har da Gungawa da suka rasa gungunansu da gonakinsu na gaɓa. Masanin al'adu Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa a nan sauya addini sau da yawa sauya ƙabila ne: Bagunge ya musulunta, ya koma Hausa, a hankali ya zama Bayauri. A irin wannan wuri, mutumin da ya shiga ruwa a gaban masunta ya zaɓi jama'a ke nan, kuma duk abin da ya yi gobe a kan jama'ar za a rubuta shi. Maƙwabcinsa Musulmi ba ya sha. In aka ga mai baftisma yana tangaɗi a hanyar kasuwa, ba za a ce wane ya bugu ba, za a ce ga addininsu nan. Tsananin dattawa katanga ce ta 'yan tsiraru.

Amma katangar tana da farashi, kuma koyarwar tsarkakewa ta ƙara masa nauyi. Wesley kansa bai ce tsarkakakke ba ya kuskure ba, cikar ƙauna yake nufi. A bakin mai wa'azin ƙauye kuwa maganar takan taƙaice ta zama cewa Kirista na gaske ba ya zunubi. Wanda ya ji haka, ya kuma san abin da ke zuciyarsa, hanya biyu ta rage masa: ya ɗauka baftismarsa ba ta kama ba, ko ya koyi ɓoyewa. Sannan zunubin da ake hukuntawa shi ne wanda ido ke gani. Yarinyar da ta yi ciki za a sa ta a horo, a sanar a gaban jama'a, ta koma kujerar baya, a hana ta Jibin Ubangiji na watanni. Mai ba da bashin hatsi da damina ya karɓi ninki da kaka yana zaune a gaba, wataƙila ma yana cikin masu yanke horon. Martin Luta ya ce mai bi barataccen mutum ne kuma mai zunubi a lokaci guda, kuma ina ganin wannan ya fi kusa da abin da kowane fasto ya sani game da garkensa. Katolika na da tasu mafita, wato furta zunubi a asirce gaban Fada, wadda ke rufa wa mai laifi asiri. Nata haɗarin shi ne mutum ya mayar da ita al'ada, ya furta ranar Asabar ya koma ranar Litinin.

Inda gardamar ta fi ciwo shi ne gidan mai mata biyu ko uku da ya tuba bayan ya riga ya tara iyali. Dokar Katolika ta ce ya riƙe ɗaya ya rabu da sauran, tare da kula da buƙatunsu. Yawancin ikilisiyoyin da mishan suka haifa sun daɗe suna karɓarsa a sujada amma suna hana shi ruwa. Anglikan sun yanke irin wannan hukunci a taron Lambeth na 1888, suka shekara ɗari a kai, sai a 1988 suka yarda a yi masa baftisma da matansa, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba. A ƙasar da saurayi kan shafe shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, sakin ta biyu ba ƙaramin abu ba ne. Dangi biyu ne za su ɓata, 'ya'ya kuma su tashi a rabe. Dattijon da ya ce ba zai kori uwar 'ya'yansa don ya sami shiga ruwa ba, sau da yawa yakan tsufa a kujerar baya, 'ya'yan duka matan a yi musu baftisma ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ya dawo fasto. In uban ya rasu, wata sabuwar muhawara kan tashi tsakanin dattawa, ko za a yi masa jana'izar cikakken ɗan ikilisiya ko kuwa addu'a kawai a bakin kabari.