Hannun Uwa Ke Mai da Fili Gida

A ƙauyukan Kiristocin arewa, daga Kafur da Malumfashi zuwa Ikara da Wusasa, daga Kagoro da Panyam zuwa Kaltungo da Garkida, akwai wata gwaninta da ke riƙe da gidaje masu ɗimbin yawa, amma ba kasafai ake ambatonta ba. Miji da mata kan tashi daga gandun mahaifin miji, a yanka musu fili a bakin gari, ba komai a ciki sai ɗaki ɗaya ko biyu da ciyawa. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar wurin ya cika: rumbu a tsaye, kaji suna tono, awaki a turke, zogale da gwanda sun yi inuwa, yara sun yi ɓul-ɓul. Mutane kan ce maigida ya yi ƙoƙari, kuma lallai ya yi, domin shi ya yi huɗa, shi ya yi gini. Amma in ka bi diddigi, wadda ta san abin da za a fara da abin da zai biyo baya ita ce uwar 'ya'yan. Ba ta da jarin da za ta yi komai a lokaci guda, don haka duk abin da ta kafa sai ta tabbata shi zai haifi na gaba. Wannan jeri shi ne gwanintarta.

Mafari shi ne ruwa. Mace mai goyo ta fi kowa sanin nauyin tulu, saboda haka kafin a yi maganar shuka, tambayarta ita ce ina rijiya. In a gida za a haƙa, takan nace a yi ta a tudu, masai kuma a gangare, da tazarar da ba ta gaza mita 30 ba, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke gargaɗi, don kada ƙazanta ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha. Takan sa a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi mai nauyin da ɗan shekara uku ba zai iya turewa ba. Ruwan wanka da na wanke-wanke ma ba ta barinsa ya kwanta ya tara sauro. Takan ja masa 'yar hanya zuwa gindin ayaba ko gwanda. Bayan ruwa sai shinge. Darnin kara ba ya daɗewa gara ta cinye shi, don haka tun daminar fari takan kakkafa rassan aduruku ko na zogale a jikinsa, su kama, su zama shinge mai rai. Wasu kan sa bini-da-zugu tun da awaki ba sa cinsa, amma uwa mai ƙananan yara takan yi kaffa-kaffa da shi, gama 'ya'yansa guba ne ga yaron da ya tauna.

Da shinge ya rufu, sai lambun bayan ɗaki. Tuwo yana cika ciki, amma abin da ke cikin miya shi ke gina jikin yaro, kuma uwa ba ta so kuɗin cefane ya riƙa fita kullum. Takan zuba alayyahu, wanda cikin wata guda ake fara tsinkarsa, ta sa kuɓewa da yakuwa da rama da gauta da barkono, kabewa kuma ta bar ta ta hau kan danga. A lokacin nan dai takan dasa gwanda, mai ba da 'ya'ya cikin kamar shekara guda, da mangwaro mai aure, wanda sai ya yi shekara uku ko huɗu. Mai saurin yi da mai jinkiri duk rana ɗaya suke shiga ƙasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In ganye ya yi yawa da damina takan shanya shi a inuwa don kada ya koɗe, kuɓewa kuma ta yayyanka ta busar, ta adana don rani.

Kiwo kuwa daga kaza yake farawa, sau da yawa wadda inna ko goggo ta ba amarya. Ƙwan fari ba na ci ba ne. Takan bar kaza ta kwanta a kansu kwana 21, in sun ƙyanƙyashe ta kife tsakin cikin akurki na 'yan makonni, ta riƙa ba su tsakin hatsi da gara da ruwa mai tsabta, har su yi ƙwarin da shirwa ba za ta sure su ba. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, mai kazar ma haka. In tana son zabi, ba ta dogara ga zabuwa, don zabuwa ba ta iya riƙon 'ya'ya ba. Sai ta sa ƙwan a ƙarƙashin kaza, wadda za ta kwanta musu kwana 26 zuwa 28 ta kuma yi musu reno. Babban abin tsoro shi ne annobar kaji da ke zuwa da hunturu, wadda kan share garke cikin mako guda. Gwanar uwa takan nemi rigakafi tun kafin iskar ta taso, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, ana ɗiga shi a ido ko a zuba a ruwan sha. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma takan ware ta mako biyu kafin ta haɗa ta da na gida. Zakarun da suka girma takan riƙe su sai gab da Kirsimeti, lokacin da kaji ke tsada.

Kuɗin zakarun nan su ke sayo 'yar akuya. Jar akuya irin ta Sakkwato tana ɗaukar ciki wata biyar, kuma sau da yawa biyu take haifa. Da damina uwa takan ɗaure ta a turke ta riƙa yanko mata ciyawa, don ɓarnar akuya ɗaya a gonar maƙwabci tana iya ɓata zumuncin shekaru. Da kaka takan tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, inda gara ba za ta taɓa ta ba, kashin awakin kuma ya koma gona. Akuya ita ce asusun gida: in kuɗin makaranta ya taso, ko yaro ya kwanta asibiti, ɗan akuya ake kai wa kasuwa, ba hatsin rumbu ba. A Kudancin Kaduna wasu kan ƙara da kiwon alade, ga kuwa babbar kasuwarsu a Katsit kusa da Kafanchan.

Gona fa? A al'adar gandu, ban da gonar gida da kowa ke yi wa aiki, mace tana da gayaunarta, abin da ta noma a ciki nata ne, kuma matan karkara da yawa a waɗannan wurare suna riƙe da wannan har yau. A gayauna ake gane zurfin tunanin uwa. Takan sa abin da zai nuna da wuri, gero ko masara mai saurin yi, a Filato da Kudancin Kaduna kuma acca, domin ta san watan Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu ke yin ƙasa alhali sabo bai iso ba. Takan saƙa wake da gyaɗa a tsakani, su ba yara abincin gina jiki, su kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. In tana sassabe ba ta tuge kututturen itace mai tofo. Takan zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ta bar su, ta sassare sauran. Wannan dabara ce Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ta SIM, ya shiga yaɗawa tare da manoman Maraɗi tun 1983, har itatuwa suka komo gonakin kudancin Nijar. Ga uwa, amfaninta a fili yake: itacen girki ya dawo kusa da gida.

Amma inda gwanintar ta kai ƙololuwa shi ne riƙon rumbu. Noma aikin 'yan watanni ne, ciyar da gida kuwa na shekara ne cur. Da an gama sussuka uwa takan zauna ta yi lissafi. In gidan yana cin kwano ɗaya a rana, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Agusta ana bukatar kimanin kwano 300, wato buhu bakwai da rabi na mai kwano 40. A kan wannan za ta ɗora na baƙi, da na biki, da na makoki, da na iri. Sai abin da ya ragu ne za a yi maganar sayarwa, kuma a nan takan tsaya tsayin daka, ko da maigida yana ganin kuɗi a kasuwa, gama ta san hatsin da aka sayar da arha da kaka shi za a sayo da tsada da damina. Kafin ta rufe hatsi takan gwada bushewarsa: ta ciji ƙwaya ta ji ko ta ce ƙas, ko ta zuba shi cikin busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri ta girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Wake, wanda ƙwari suka fi so, iyayenmu da toka suke cakuɗa shi. Yanzu akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi. In an ɗaure kowane riɓi daban, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an sa maganin da zai cutar da yara ba.

Duk wannan tana yinsa da goyo a baya. Jariri yana shan nono zalla wata shida, sa'an nan ta fara masa kunun da ta haɗa da gero da gyaɗa da waken soya, duk daga gayaunarta. Yara kuma suna shiga aiki gwargwadon ƙarfinsu: ƙaramin ya watsa wa kaji tsaba, na tsakiya ya ba gwanda ruwa, babbar ta koyi awon kwano. Takan ba kowane yaro kaza tasa, ya ga yadda abu ke yaɗuwa in an yi haƙuri da shi.

Wanda ya kalli gidan nan bai ga bangaskiyar matar ba, bai fahimci dalilin tsarin ba. Kafin ta ƙirga buhunan ci, takan fitar da zakka, kashi ɗaya cikin goma, domin a wurinta ƙasa da ruwan sama da ƙarfin hannu duk na Ubangiji ne, ita amana aka ba ta. Ranar godiyar kaka takan ɗauki damin da ya fi kyau da zakaran da ya fi girma ta kai majami'a tana rawa. Ranar Lahadi fartanya tana hutawa ko da ciyawa ta taso, kuma wannan hutun yana tilasta mata tsara sauran kwana shida da kyau. Labarin Yusufu, wanda ya tara hatsi a shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa, shi take tunawa a bakin rumbu. Labarin Rut mai kala kuma shi ya sa ba ta hana gwauruwa ko maraya tsintar abin da ya zuba a gona. Da dare, bayan tuwo, a buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, a karanta, a yi addu'a don ruwa, don marasa lafiya, don maƙwabta Kirista da Musulmi.

Ba kuwa ita kaɗai ta ƙago wannan sani ba. Zumuntar Mata, a ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da sauransu, ita ce makarantarta. Bayan waƙa da kiɗan tulu, a nan ake zuba adashi, a nan ake musayar iri, a nan ake shirya gayyar da za ta nome gonar mai jego. A nan ne dattijuwa za ta ja amarya gefe ta ce, "'Yata, kada ki taɓa irin shuka ko da wuta ba ta tashi a murhu ba," ita kuma ta rusuna ta ce, "To, Mama, na ji." Ikkilisiya ma ta daɗe da gane cewa wa'azi da noma ba sa rabuwa: tun ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor ya fara shirin haɗa bangaskiya da noma a Filato, inda aka koya wa manoma huɗa da shanu da kula da ƙasa.

Yau aikin ya ƙara wuya. Taki ya yi tsada, damina ba ta da tabbas, rashin tsaro kuma ya raba iyalai da yawa da gonakinsu. Duk da haka, matar da ta iya wannan jeri, ko an kore ta daga gidanta, in ta sami ɗan fili da kaza ɗaya za ta sake farawa. Don haka, maigida, kada ka buɗe rumbu ba da shawararta ba. Shugabannin ikkilisiya, ku ba dattawan mata fili su koyar da wannan sani kamar yadda ake koyar da waƙa. Ke kuma amarya, tun Mama tana da ƙarfi ki je ki zauna kusa da ita ki tambaya.